Kada Ka Buga Taken Turmi a Kan Ruwa

Rabah, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Sakkwato lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na ce wa mahaifiyarka ta sa takardar nan a jakarka kusa da ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ranar da ka zo da takardar aikin nan kana karanta mana a zaure, na ji daɗi har cikin raina. Ka ce masaukin baƙi ne a birni, kai ne za ka riƙa fita da baƙinsu wuraren wasa da shaƙatawa: filin ƙwallo da yamma, gidan dambe, wurin lilon yara, masu son sunuka ka kai su, masu son dara ka zaunar da su wurin tsofaffi. Ina ta gyaɗa kai. Sai ka kai layin ƙarshe, wai ranar Asabar, in hanya ta yi kyau, za ka kai baƙi dam ɗin Goronyo su shiga kwale-kwale. Ka ga na tashi na shige gida. Daga baya ka ce wa mahaifiyarka tsoron 'yan bindiga nake yi. Ina yi mana, wa ba ya yi a ƙasar nan? Amma ba shi ya tashe ni ba. Ba na so ka hau ruwan nan, Nasiru. Kai kuwa ɗan boko ne, ba ka karɓar "kada" sai an haɗa maka da dalili. Bakina ya kasa faɗin dalilin shekara da shekaru, shi ya sa na ɗauki biro.

Kai manomin albasa ka san ni. Kai da yayyenka mata kun sha yi mini dariya don ko gulbi ya janye zuwa idon sawu sai na zagaya ta gada. To, aikin da za ka je yi, na riga ka yinsa. Ni matuƙin kwale-kwale ne a dam ɗin nan, kuma baƙi nake ɗauka.

Tungar da aka haife ni tana ƙarƙashin ruwan yanzu. Da aka datse gulbi aka tashe mu, kowa ya kwashi abin da zai iya ɗauka, aka bar abin da ba ya ɗaukuwa: rijiya, maƙabarta, da fagen kokawa. Fagen yana gindin wata babbar tsamiya, kowace kaka samari kan ɗebo farin yashi daga gulbi su shimfiɗa. A fagen nan baffanka Mamman, yayana, ya yi suna. Ba ka san shi ba, ya rasu shekara guda kafin ruwa ya zo. Ana ce masa Mamman Turmi, don in ya kafa ƙafa ba mai gusar da shi. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai, in ya ji sai ya miƙe. Na Mamman, gangar cewa take yi: "Turmi na hwage, wa ka zuwa?" Mai jin ƙarfinsa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ga ni!" Ranar da aka yi addu'ar ukunsa, makaɗinsa ya ce ya rufe taken, ba zai sake bugawa ba har ya koma ga Allah, kuma bai sake ba.

Da ruwa ya cika, mutanen birni suka fara zuwa kallo ranar hutu. Na sami ɗan jirgi, ina zagayawa da su. A nan na yi kuskurena na fari. Na lura baƙo in ya shiga jirgi, minti goma na farko yana ta murna, yana tsoma hannu a ruwa, yana nuna balbela. Daga nan sai hamma. Ruwa dai ruwa ne. Wanda ya yi hamma a jirginka kuwa, ba zai turo maka abokinsa ba. Sai na fara ba su labari. Ina kai su daidai inda kan tsamiyar nan ke leƙowa in ruwa ya ja baya, in ɗora filafili a cinya, in rage murya, in ce nan ne fagenmu, kuma in rana ta take tsaka har yanzu akan ji kiɗa daga ƙasa. Ƙarya ce tsagwaronta, ni na ƙaga ta wata rana ina cin rogo. Amma ka ga yadda idanunsu ke buɗewa! Kafin wata uku kowa ya sauka daga mota jirgin Garba yake tambaya.

Nasiru, baƙo hutu ya zo yi. Kada ka sayar masa da tsoro don ya ji daɗin fita da kai. In ka kai shi wuri, faɗa masa abin da ka sani, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. In ya yi hamma, ya yi, ba ciwo ba ne. Na san kana da baki, tun kana ƙarami kake sa 'yan'uwanka kuka da labarin kura a bayan rumbu, kana ƙyalƙyala dariya. Wurina ka gado, kuma shi nake ji maka.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Baƙi suka fara cewa, "To mu ba mu ji komai ba." Sai na yi dabara. Na shimfiɗa buhu a inda nake zama, na ɓoye ƙafata ta dama ƙarƙashinsa, in na gama labari na ce kowa ya yi shiru, sai in riƙa buga katakon jirgi da dunduniya a hankali. Ƙarar takan bi cikin jirgin ta fito kamar daga ƙasa take. Ni ba makaɗi ba ne, kiɗa ɗaya kaɗai na sani da ka, wanda na tashi ina ji tun ina goye. Taken yayana na riƙa bugawa.

Akwai wani tsohon masunci a wurin, Baba Alu, mutumin tungarmu ne. Wata rana na sauke baƙi, yana zaune yana gyaran koma, ko ɗaga kai bai yi ba ya kira ni.

"Garba, mi kaka bugawa cikin jirgin ga?"

Na ce, "Ba komi, Baba. Wasa na nika yi ma baƙi."

"Wasa. Kai ɗan hwage na. Wanda ba makaɗi ba, in ya buga taken wani, mi yac ce mai?"

Na ce, "Ya ce shi hito su gwada."

"To, ka hwaɗi da bakinka. Ka bari."

Na yi 'yar dariya na ce, "Haba Baba, mai taken ai ya rasu."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na sani. Da ni anka kai shi. Shi as sa nic ce ka bari."

Na ce to. Na bari kwana huɗu. Ranar Asabar da motoci suka cika bakin ruwa, na koma.

Duk inda ka kai baƙi, za ka tarar da wani tsoho da ya riga ka zama a wurin. In ya ce maka bari, ka bari, ko bai ba ka dalili ba. Kuma ka sani, abin da muke kira wasa, ba duka ne na wasa ba. In ka kai su gidan dambe za ka ga wani ya ce a naɗa masa zare a hannu a ɗauke shi hoto a tsakiyar fage, ko ya karɓi sandar kiɗa daga hannun mai ganga ya ɗan taɓa. Hana shi cikin ladabi. Shi ado yake gani, 'yan fage kuwa magana suke ji. Shi baƙo yana da uzuri, bai sani ba. Ni ba ni da shi, a fagen aka haife ni.

Yanzu ga ranar. 

Bazara ce, zafi kamar a bakin tanda. Wasu mutum huɗu suka zo daga Kaduna, biki ya kawo su Sakkwato, aka ce musu kada su koma ba su shiga jirgin Garba ba. A cikinsu akwai Malam Sabi'u, malamin wasannin motsa jiki a wata makaranta, dogo, mai fara'a, tun a bakin ruwa ya laƙaba mini "direban ruwa". Sun makara a hanya, sai da rana ta take tsaka muka isa kan tsamiya. Da ma ni da hantsi ko da la'asar nake kai mutane, ban taɓa zuwa a daidai lokacin da nake faɗa a labarin ba. Babu iska ko kaɗan. Ruwan ya kwanta lumui. Ko tsuntsu ɗaya babu a kan rassan, alhali kullum cike suke. Na lura da haka, na kuma yi kamar ban lura ba.

Na ba da labarina, na ce a yi shiru, na fara bugawa. Suka zazzaro ido suna dariya ƙasa-ƙasa. Malam Sabi'u ya tambaye ni me kiɗan ke cewa, na faɗa masa, har da amsar da ake bayarwa. Sai ya miƙe tsaye a cikin jirgin, ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ga ni!" Abokansa suka fashe da dariya. Ya juyo ya ce, "Direba, bari in ɗan yi iyo, zafin nan ya ishe ni. Kada ka damu, ni nake koya wa yara."

Na san akwai rassa a ƙasa. Na san iyon da ya iya na ruwan da aka gina wa siminti ne. Kalma ɗaya ta rage mini in faɗa. Amma na dubi agogonsa, na dubi takalminsa, na ji nauyin in hana babban mutum, ni ɗan ƙauye. Na ce, "To, Malam, kusa-kusa dai." Ya faɗa ruwa.

Na janye ƙafata daga ƙarƙashin buhu don in gyara zama in riƙe jirgin. Ƙafafuna biyu suna gabana, ina kallonsu. Kiɗan bai tsaya ba.

Ba ƙarar dunduniya a kan katako ba ce. Fata ce, ganga ce sosai, da ɗan karkarwar nan da makaɗin Mamman kan yi a ƙarshe, wadda ni ban taɓa iya kwaikwaya ba. Ina jin ta a katakon da nake zaune a kai. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Mun gano ka, kai ne kake yi!" Ya leƙo ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuwana a kan filafili, dariyar ta mutu a bakinsa.  Ruwan da Malam Sabi'u ya faɗa ya koma ya kwanta, ko kumfa babu.  Can sai kiɗan ya sauya, ya koma wanda ake yi in an ka da mutum, gajere, sau uku. Sai tsit.

Malam Sabi'u ya taso a gefen jirgi, muka ja shi ciki mu huɗu. Ya yi ta aman ruwa, da ransa, alhamdu lillahi. Da muka kifa shi don ruwan ya fita, na ga bayansa. Farin yashi ne manne a kafaɗunsa biyu har zuwa tsatso, busasshe, ina taɓawa yana zuba. Nasiru, wurin nan in ka haɗa gora uku ba ta taɓa ƙasa, ƙasan kuma laka ce baƙa tun shekarar da ruwa ya zo. A ƙugunsa, dama da hagu, akwai jar shaida, inda ɗan kokawa ke kamawa. Har muka iso bakin ruwa ni kawai yake kallo.

Wannan gargaɗin ka riƙe shi ko ka manta sauran. Wanda ya fita da baƙi, shi ne babba har a dawo, ko da a cikinsu akwai mai furfura ko mai mota goma. Ka iya cewa a'a. Kowa ya sa rigar hana nutsewa kafin ya taka jirgi, wanda ya ƙi ya zauna a gaɓa. Ba iyo a inda ba ka san ƙasansa ba. Wanda ya ce maka ya iya, shi za ka fi sa wa ido. Zai ji haushinka, zai kai ƙararka wurin manaja, ya kai. Ni kunya na ji ta minti ɗaya, ga shi har yau ban gama da ita ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Da mutane suka taru na ce rassa ne suka riƙe shi. Baba Alu yana tsaye, ya dubi bayan mutumin, ya dube ni, bai tona ni ba. Ban nemi gafarar Malam Sabi'u ba, ban gaya masa ni ne na fara bugawa ba, na bar su suka shiga mota suka tafi. Washegari na bar wa Baba Alu jirgin, na taho Rabah wurin dangin mahaifiyata, na kama noma. Mutum ɗaya na gaya wa, limamin unguwarmu na wancan lokaci, Allah Ya jiƙansa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Garba, wanda yar rasu ba shi dawowa, ɗan'uwanka na inda Allah Ya aje shi, kak ka ɗora mai. Amma wurin da mutane sunka tashi, akwai bayin Allah da ka zama nan, kuma suna jin abin da anka saba yi. Allah Shi ɗai Ya san gaibu. Kai dai ka yi ƙarya, ka tsorata Musulmi, ka yi wasa da ran baƙo. Wanga ya ishe ka istigfari." Na yi, ina kan yi. Na so maganar ta tsaya nan.

Bayan shekaru, kana goye a lokacin, na je Wurno sayen irin albasa. Ina tsaye a bakin tasha sai ga motar masu ziyara ta tsaya. Wani mutum mai furfura ya sauko, ya tsaya yana kallona, ya ce a hankali, "Direban ruwa."  Na durƙusa zan fara ba shi haƙuri, ya kama hannuna ya ja ni gefe, inuwar wata bishiya.

Ya ce, "Na daɗe ina roƙon Allah Ya haɗa mu, don akwai saƙonka a wurina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko iyalina. Malam Garba, a ƙasan nan babu ruwa. Fili na gani, rana tsaka, mutane sun yi da'ira, ban ga fuskar ko ɗaya ba. Wani ya kama ni a ƙugu, kafin in motsa bayana ya taɓa ƙasa. Sai na ji an yi magana da irin harshenku."

Na ce, "Mi anka ce?"

Ya faɗa mini yadda ya ji, shi da bai iya Sakkwatanci ba: "Wanga baƙo na, ku sake shi. Ba shi yab buga ba. Wanda yab buga, shi za ya hito."

Ya ce ya yafe mini, ya shiga cikin 'yan'uwansa suka wuce. Ban sayi irin ba ranar, na dawo gida hannu wofi na ce wa mahaifiyarka bai yi kyau ba. Har yau ba ta san wannan labari ba, kai ma kada ka gaya mata.

Kana iya cewa mutumin da ruwa ya shaƙe yana iya ganin komai. Ni ma na gaya wa kaina haka ya fi sau dubu. Wataƙila haka ne, Allah Ya sa haka ne. Amma ni na san dokar fagenmu, shi bai sani ba. Wanda ya tsokana ya ƙi fita, ba a barin kiɗa ya tafi a banza. Ƙanensa ke fita a madadinsa, in ba ƙane, ɗansa. Ni ne autan gidanmu. 'Ya'yana kuwa, kai kaɗai ne namiji.

Ban ce ka bar aikin ba. Ka sha wahala kafin ka same shi, kuma ina alfahari da kai, ko ban saba faɗa ba. Kai su ƙwallo, kai su dambe, kai su duk inda ƙafa ke taka ƙasa. Ranar Asabar kaɗai nake roƙo. Ka je wurin manajanka da ladabi ka ce a ba wani, ka ɗauki aikin ranar Lahadi a madadinta. In ya tambayi dalili, ka ce tsohonka ne ya hana, tsofaffin ƙauye ai an san mu da rigima, ba zan ji haushi ba. Wanda aka ba kuma ka gaya masa ya nisanci busasshiyar tsamiya, kada ya kai mutane can da tsakar rana.

In kuwa ya ƙi, ya ce ko ka je ko ka ajiye aikin, to kada ka ajiye, kuma kada ka ɓoye mini. Ka buga mini waya tun ranar Juma'a. Zan shiga motar farko daga Rabah, za ka same ni a bakin ruwa kafin ku iso. Kai ka tsaya a gaɓa ka riƙe wa baƙinka takalma. Ni zan tuƙa su, hannuna bai manta filafili ba, zan bi da su gefe-gefe in sauke maka su lafiya. In akwai wanda za a kira a ruwan nan, ya tarar da ni a ciki. Ni na buga.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare duk wanda aka damƙa a hannunka, Ya sa ka fita da su lafiya ka dawo da su lafiya. Ka riƙe sallarka, ka riƙe addu'ar fita gida. Allah Ya yafe mini, Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba.